Kafin a Buga Hatimi: Gargaɗi Kan Lasisin Haƙar Kwal ta Ƙarƙashin Ƙasa

Kwal yana dawowa. Wutar lantarki ba ta wadata ba. Man dizal ya yi tsada. Kamfanonin siminti suna neman makamashi mai rahusa. Shi ya sa idanu suka sake komawa kan kwal ɗin da ke kwance a Inugu da Kogi da Binuwai da Nasarawa da Gombe. Yawancin haƙar da ake yi yau ta buɗaɗɗen rami ce, irin ta Maiganga a jihar Gombe, inda ake yaye ƙasar sama a kwashi kwal a sarari. Amma kwal na kusa-kusa yana da iyaka. Da zarar ya yi zurfi, dole a bi shi ta ƙarƙashin ƙasa. Daga nan lissafi ya sauya. Mutum zai shiga inda babu rana, babu iska sai wadda aka tura masa. Dutse yana samansa. Gonaki da gidajen mutane suna saman dutsen.

Wannan gargaɗi na kowa ne. Na jami'in da fayil zai sauka a teburinsa. Na dagacin da za a kawo wa takarda. Na manomin da bai san an zana gonarsa a taswirar wani ba. Na saurayin da zai ji ana ɗaukar leburori ya tattara kayansa. Maganar ɗaya ce. Lokacin tantance takardar neman lasisi shi ne kaɗai lokacin da "a'a" take da arha. Bayan an buga hatimi, kowace "a'a" sai an biya ta da dukiya, ko da ruwan sha, ko da rai. Tun ran gini, tun ran zane.

A fara da abin da doka ta ce. Ma'adinan Najeriya na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a tsakar gidanka suke. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta fifita haƙa a kan sauran amfanin da ake yi da ƙasa. Wato in lasisi ya fito, noma ne zai matsa. Ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja shi ke karɓar takardu. Babban lasisin haƙa yana iya rufe murabba'in kilomita 50, na tsawon shekara 25, kuma ana sabunta shi. Dokar ta gindaya sharuɗɗa kafin a fara aiki: rahoton tasirin aikin ga muhalli, tsarin gyara wurin bayan an gama, biyan diyya, da yarjejeniya da al'ummar da ke zaune a wurin. A rubuce sharuɗɗan ba su da laifi. Abin tsoron shi ne su koma takardun da ake ƙirgawa ba tare da an karanta ba.

Haɗari na farko gaggawa ce. Dokar ta ba da kwana 45 a fitar da babban lasisi bayan an karɓi takardar nema. Masu zuba jari suna son sauri. Gwamnati tana son kuɗin shiga. Kowa yana yabon ofishin da ba ya ɓata lokaci. Amma dutse bai san wa'adi ba. Rijiya tana da halinta na damina, tana da na rani, kuma ba a sanin su duka biyun a wata ɗaya da rabi. A Nuwamban 2023 ma'aikatar ma'adinai ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara. A Afrilun 2024 ta soke wasu 924 da aka karɓa aka ajiye ba aiki. Sokewar ta yi daidai. Sai dai adadin ya nuna yadda takarda ke saurin shiga hannun wanda ba shi da niyya ko ƙarfin aiki. A wajen yashi da tsakuwa, wannan asarar kuɗi ce. A ramin kwal, jana'iza ce.

Sai ƙarancin masu ido. Najeriya ta taɓa sanin wannan sana'a. An gano kwal a yankin Udi a 1909. A 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo kimanin tan 900,000 a shekara. Daga nan jiragen ƙasa suka koma dizal. Yaƙin basasa ya zo, aka bar ramuka, ruwa ya cika su. Aikin ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Mahaƙun Iva Valley da Onyeama da Okpara na Inugu suka zama kufai. Waɗanda suka san numfashin rami, suka san ƙarar da rufi ke yi kafin ya sauko, sun tsufa. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya. To wa zai karanta lissafin iskar rami ya ce fankar nan ta yi kaɗan? In jami'in da ke tantancewa bai taɓa shiga ramin kwal ba, abin da kamfani ya rubuta shi zai tabbata. Mai nema ya zama mai duba kansa.

Sai tsohuwar taswira. A Yulin 2002, a mahaƙar Quecreek da ke jihar Pensilbaniya ta Amurka, ma'aikata suna yankan kwal hankali kwance. Taswirar da ke hannunsu ta nuna da sauran tazara tsakaninsu da wata tsohuwar mahaƙa da aka rufe shekaru da dama. Inji ya ci gaba da ci. Bango ya ɓalle. Ruwan da ya taru a tsohon ramin ya kwararo kansu. Mutum tara suka maƙale a wani ɗan tudu cikin ramin, ga sanyi ga duhu, har awa 77. Sun tsira ne domin akwai injin haƙa da ƙwararru a kusa. Aka huda rami daga sama, aka zaro su ɗaya bayan ɗaya cikin wani siririn keji na ƙarfe. Bincike ya nuna taswirar da aka dogara da ita ba ta ƙarshe ba ce. Tsohuwar mahaƙar ta ci gaba da haƙa bayan an zana ta. Wadda ta fi cika kuwa, daga baya aka same ta a gidan adana kayan tarihi. A tuna da ramukan Inugu da ke cike da ruwa. A tuna da ramukan bayan fage, waɗanda ba a taɓa zana su ba ko sau ɗaya. Duk takardar da ba ta nuna an huda ƙasa an tabbatar da iyakar tsofaffin ramuka ba, a mayar da ita.

Sai ginshiƙai. A irin wannan haƙar ba a kwashe kwal duka. Ana barin wasu sassa a tsaye su tokare rufi. Kowane ginshiƙi kwal ne da ba a sayar ba, don haka kullum akwai kwaɗayin rage masa kauri. A Coalbrook ta Afirka ta Kudu an rage. A ƙarshen Disamban 1959 wani sashe ya rufta. Aiki bai tsaya ba. Ranar 21 ga Janairun 1960 ɗaruruwan ginshiƙai suka karye a jere, kowane yana jefa nauyinsa kan na kusa da shi. Mutum sama da 430 suka mutu, yawancinsu 'yan ci-rani daga Lesoto da Mozambik. Ba a fito da gawa ko ɗaya ba. Sai bayan nan aka zauna aka fitar da ƙa'idar lissafin ƙarfin ginshiƙi. Ƙa'idar tana nan yau. Mai tantancewa ya nemi lissafin, ya sake yin sa da hannunsa.

Sai burmawar ƙasa. Wannan ya shafi wanda bai taɓa leƙa rami ba. In rufi ya sauko a ƙasa, sama ma takan bi. Ba lallai ranar ba. Wani lokaci sai bayan shekaru. Bangon ɗaki ya tsage. Ƙofa ta daina rufuwa. Gona ta lotsa a tsakiya, ruwan damina ya kwanta a ciki, dawa ta ruɓe. Hanya ta dare. Ginin laka ba ya jure ko ɗan motsi. Lokacin da tsagar za ta bayyana, mai yiwuwa kamfanin ya daɗe da naɗe tabarmarsa. In ba a ɗauki hoton kowane gida da masallaci da makaranta kafin haƙa ba, mai gida ba shi da hujja. Za a ce masa dama ginin ya tsufa.

Sai iskar metan. Tana fita daga jikin kwal. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar rami, tartsatsi ɗaya ya isa. A mahaƙar Pike River ta Niyu Zilan, mutum 29 suka mutu ranar 19 ga Nuwamban 2010. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya gano abubuwan da ya kamata kowane mai ba da lasisi ya haddace. A cikin kwana 48 kafin fashewar, sau 21 aka kai rahoton iskar ta kai matakin fashewa. An girka babbar fankar ramin a ƙarƙashin ƙasa, inda fashewa za ta fara lalata ta. Hanyar fita ta biyu wani miƙaƙƙen rami ne mai tsani, wanda ba ya hawuwa cikin hayaƙi. A lokacin, sufetocin ma'adinai biyu ne kacal a ƙasar. Kuma kamfanin ya sami izininsa ba tare da an tantance tsarinsa na kare rayuka ba. Wannan a ƙasa mai arziki da doka. Yawancin waɗannan kurakurai ana iya ganinsu a kan takarda, tun ba a sa diga a ƙasa ba.

Sai ƙurar kwal. Metan yakan kunna, ƙura ta ƙarasa. Fashewar farko tana tayar da ƙurar da ta kwanta a hanyoyin rami, ƙurar ta kama, wutar ta bi rami lungu-lungu. Haka aka yi a mahaƙar Wankie, wato Hwange ta Zimbabuwe a yau, ranar 6 ga Yunin 1972. Mutum 427 suka tafi. Maganin sananne ne kuma ba shi da tsada. Ana watsa garin dutsen farar ƙasa a hanyoyin, ya danne ƙurar. Ana yayyafa ruwa a bakin yanka. Ƙurar tana da wani kisan na sannu a hankali. Tana taruwa a huhu shekara da shekaru. Ana kiran cutar baƙin huhu. Ba ta warkewa. Saurayi ya shiga da ƙarfinsa, ya dawo gida yana haki a kan tabarma. Takardar da ba ta faɗi yadda za a auna ƙura da wanda zai duba ƙirjin ma'aikata ba, ba ta cika ba.

Sai gobara. Kwal yakan yi zafi da kansa in iska tana ratsa shi, har ya kama ba tare da ashana ba. A Soma ta Turkiyya, ranar 13 ga Mayun 2014, wuta ta tashi a rami. Mutum 301 suka mutu, akasarinsu saboda shaƙar iska mai guba. Makonni biyu kafin nan majalisar ƙasar ta yi watsi da buƙatar 'yan adawa ta a binciki haɗurran mahaƙun yankin. Wutar ƙarƙashin ƙasa kuma ba ta jin ruwa. Ta Jharia a Indiya tana ci tun 1916. Ta Centralia a Amurka ta kama a 1962, ta tashi garin mutum sama da dubu, har yau ba ta mutu ba. Lasisin shekara 25 yana iya barin wutar shekara ɗari.

Sai ruwan sha. Ba a haƙa cikin ruwa, don haka dole a yi ta zuƙe shi da famfo dare da rana. Ruwan da ake zuƙewa shi ne na rijiyoyin ƙauye. Guga ya fara dawowa da laka. A ƙara igiya. A sake ƙarawa. Burtsatse ta fara tari. Fadama ta bushe, noman rani ya tsaya, makiyayi ya kora shanunsa zuwa inda wani ke noma. Kowa ya san abin da ke biyo bayan haka. Bayan an rufe rami kuma sai wata masifar ta fito. A jikin kwal akwai dutse mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta. In ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid. Ruwan ya fito jajaja, ya bar tsatsa a kan duwatsu, kifi ya ƙaura. Masu bincike sun daɗe suna nuna irin wannan ruwa yana fita daga tsofaffin mahaƙun Inugu zuwa kogin Ekulu. Haƙa ta tsaya, ruwan bai tsaya ba. In ba a auna zurfin kowace rijiya da ingancin ruwanta kafin aiki ba, gobe babu abin da za a kwatanta.

Sai tarin shara. Duk abin da aka fito da shi wanda ba kwal ba, a waje ake jibge shi. A Aberfan ta yankin Wels a Birtaniya an jibge shi a gangaren dutse, a kan idon ruwa, sama da ƙauye. Idon ruwan yana cikin taswira. Mutanen gari sun yi ta kai ƙorafi. Da safiyar 21 ga Oktoban 1966, bayan ruwan sama mai yawa, tarin ya zame ya rufe makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne. Wurin zuba shara layi ɗaya ne a takardar nema. A duba layin nan. A je wurin da ƙafa. A tsaya a kai a dubi abin da ke gangare.

Sai gudun kamfani. Farashi yakan faɗi. Kamfani yakan karye, ko ya sauya suna ya dawo da sabuwar takarda. Amurka ta sha wannan kafin ta yi dokarta ta 1977. Dokar ta wajabta ajiye kuɗin jingina na gyaran wuri kafin a ba da izini. Ta wajabta bayanin abin da haƙar za ta yi wa ruwa, da matakan hana ƙasa burmawa. Ta hana sabon izini ga wanda ke da laifin da bai gyara ba a wata mahaƙar. A 1992 aka ƙara cewa mai haƙar ƙarƙashin ƙasa zai gyara gidan da ya tsage ko ya biya, ya kuma maye ruwan shan da ya lalata. Dokarmu ma ta tanadi asusun gyaran muhalli. Tambayar ita ce nawa aka ajiye, a ina, kuma wa ya lissafa. Alkawari ba ya cike rami. A ga kuɗin tukuna.

Sai takardar amincewa. Wannan ita ce ƙofar da ke hannun mutanen gari, kuma ita aka fi saurin buɗewa. Yadda abin kan kasance sananne ne. Motoci biyu su tsaya a ƙofar fada da hantsi. A shigo da buhunan shinkafa da katan ɗin lemo. A zube a yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, alheri muka kawo. Yaranku za su sami aiki. Za mu yi burtsatse, mu gyara makaranta. Sa hannu kawai ya rage." Takardar da Turanci take. Shafi na ƙarshe kaɗai ake buɗewa. Wani dattijo ya ce, "Yallaɓai, ina ramin zai bi?" A ce masa can ƙasa ne sosai, ba abin da zai taɓa ku. Tawada ta hau babban yatsa. Kafin azahar an gama. Babu wanda ya ga taswira. Babu wanda ya tambayi matan da ke ɗebo ruwa. Babu wanda ya kira makiyayan da burtalinsu ya ratsa wurin. Wannan yatsa zai bi jikoki.

Sai ranar da abin ya faru. Wa zai zo? A Yunin 2024 rami ya rufta da ma'aikata a Galadima Kogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja. Ba na kwal ba ne. Duk da haka an kwashe kwanaki ana fama, iyalai suna tsaye suna jira. Ramin kwal ya fi wannan wuya, domin mai ceto ma yana iya shaƙar guba ko ya tayar da fashewa ta biyu. Yana buƙatar tawaga ta musamman mai na'urar numfashi, wadda ke kusa, wadda ta yi atisaye. A Zamfara a 2010, sai da yara suka yi ta mutuwa kafin a gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya. Sama da 400 suka rasu. Mun san farashin ganewa a makare. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ma ya taɓa kamawa.

Ba a ce kada a haƙi kwal ba. Ba a ce a tare hanya ko a ƙona mota ba. Abin da ake nema yana cikin ikon hukuma da jama'a tun yau.

Masu tantancewa su riƙe fayil har sai ya amsa tambayoyi. Ina hanyoyin fita biyu da mutum zai iya bi da ƙafarsa cikin hayaƙi? Ina lissafin iska da na ginshiƙai, kuma wane injiniya ya sa hannu? Ina ma'aunin rijiyoyi na damina da na rani? Ina tawagar ceto? Su wane ne ainihin masu kamfanin, kuma me suka bari a baya? In ƙwarewar ba ta ofis, a ɗauko ta daga waje, kada kuma mai nema ya zaɓi wanda zai duba shi. Wa'adi ya fara ƙirguwa daga ranar da takarda ta cika. A rubuta dalilin amincewa ko ƙi, a buga kowa ya gani.

Sarakuna da hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, kada a sa hannu ranar da aka kawo takarda. A nemi kwafi. A sa a fassara ta da Hausa ko harshen garin, a karanta a bainar jama'a. A nemi taswirar da ke nuna inda ramin zai bi ƙarƙashin gari. A samo lauya da masanin ƙasa waɗanda ba kamfani ne ya kawo su ba. Ana baje rahoton muhalli na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi ƙorafi. A je a duba. A rubuta ƙorafi, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa. A auna rijiyoyi yanzu, a rubuta kwanan wata, a ɗauki hoton gine-gine. Yarjejeniyar raya al'umma ta faɗi adadi da lokaci da wanda zai biya in ruwa ya ƙafe.

Matasa masu neman aiki, ku tambaya kafin ku sauka. Akwai na'urar auna iska? Akwai na'urar numfashi ta gudun ceton rai ga kowane mutum? Ana rubuta sunan duk wanda ya shiga da wanda ya fito? In babu, kuɗin ranar bai kai ba. 'Yan jarida da malamai da limamai, ku kai maganar inda takarda ba ta zuwa. 'Yan majalisa, ku nemi a faɗa muku sufetoci nawa ne suka san ramin kwal, kuma nawa aka ware musu na mota da kayan awo.

Jinkirin wata shida wajen tantancewa yana jawo wa kamfani asarar riba, kuma riba tana dawowa. Jinkirin wata shida wajen yin tambaya yana iya jawo wa gari asarar rijiyoyinsa da 'ya'yansa. Duk wanda ya ji ana awo ko ana huda ƙasa a yankinsa, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin ma'adinai na jiharsa cikin makon nan. Ya tambayi sunan kamfanin, da irin lasisin, da iyakarsa. Ya nemi amsar a rubuce.